Sankarar mama: Ƙwayar maganin da ake sha shekara biyar bayan an gama tiyata

Ga mata da yawa masu fama da sankarar mama, ranar da aka sallame su bayan tiyata da allurar kemo ita ce ranar da suke ganin jinya ta ƙare. Sai likita ya rubuta wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ya ce a riƙa shan guda ɗaya kullum har tsawon shekara biyar, wani lokaci ma goma. Ganin ciwo ya warke kuma jiki ya dawo daidai, wasu sukan ajiye ta bayan 'yan watanni. A nan ne haɗarin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe kusan mutum 670,000. Mafi yawan nau'o'inta a duniya suna girma ne da taimakon isturojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa. Aikin wannan ƙwaya shi ne hana ragowar ƙwayoyin cutar da suka ɓuya a jiki samun abin da suke rayuwa da shi.

Me ya sa ake bai wa wadda ta daina al'ada?

Idan mace ta daina jinin al'ada, ma'ajiyar ƙwanta takan daina samar da isturojin. Amma sinadarin bai ƙare a jiki ba. Akwai wani sinadari mai suna aromatase, wanda ya fi yawa a cikin kitse, da ke ci gaba da samar da shi kaɗan-kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya ciyar da cutar.

Magunguna uku ne ke toshe wannan hanya: anastrozole, da letrozole, da exemestane. Su ne likitoci suka fi zaɓa wa matan da suka daina al'ada. Ga wadda take al'ada har yanzu, ba sa aiki su kaɗai.

Akwai kuma tamoxifen, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1977. Shi ba ya rage isturojin, yana hana shi manne wa ƙwayoyin cutar ne, don haka ana bai wa masu al'ada da waɗanda suka daina.

Ba kowace mai cutar ce maganin zai amfana ba. Sai an gwada tsokar da aka ciro an tabbatar nau'in nata mai dogaro da isturojin ne, wato gwajin ER da PR. Haƙƙin marar lafiya ne ta tambayi sakamakon wannan gwaji.

Amfaninsa

Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2011 ya nuna cewa shan tamoxifen na shekara biyar yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Wani kuma a 2015 ya nuna magungunan da ke toshe aromatase sun ɗara shi wajen hana cutar dawowa a jikin matan da suka daina al'ada.

Dalilin daɗewar shan maganin shi ne irin wannan sankara tana iya yin lamo, ta sake ɓullowa a ƙashi ko huhu ko hanta bayan shekara goma ko fiye.

Matsalolin da ke sa a daina

Babban ƙorafin masu shan anastrozole da 'yan uwansa shi ne ciwon gaɓoɓi da sagewarsu, musamman da safe. Akwai kuma jin zafi na taso wa mutum farat ɗaya, da gumin dare, da bushewar gaba. Suna kuma rage ƙwarin ƙashi, abin da ya sa likita kan nemi a auna ƙashin, ya ba da sinadarin kalsiyom da bitamin D.

Shi kuwa tamoxifen yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini da sankarar mahaifa. Duk wadda ta daina al'ada sannan ta ga jini, ko ƙafarta ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Yawancin waɗannan matsaloli suna da mafita. Tafiya a ƙafa da motsa jiki na rage ciwon gaɓoɓi. Wadda letrozole bai karɓe ta ba ana iya sauya mata da exemestane ko tamoxifen. Tunda sau ɗaya ake sha a rana, mai azumi za ta iya tsara lokacinsa da likitanta, ko a sahur ko bayan buɗa-baki.

Nauyin ba na marar lafiyar ba ne ita kaɗai. Shekara biyar na sayen magani da tunawa da shi kullum aiki ne da ke buƙatar miji da 'ya'ya su sa hannu. Idan kuɗi ya yanke ko jiki ya ƙi, mataki na farko shi ne a koma wurin likita a faɗa masa, kafin a ajiye kwalin.