Makarantar Farin Wata: Yadda Mutanen Kan Dutse Suka Yi Yaƙi da Jahilci

A daren 5 ga watan Satumba na 1911, malaman makarantun gundumar Rowan da ke Jihar Kentaki ta ƙasar Amurka suka kunna fitilu, suka zauna jiran ɗalibai irin waɗanda ba su taɓa koyarwa ba, wato manoma da masu saran katako da matan aure. An yi tsammanin mutum 150. Waɗanda suka gangaro daga kan duwatsu kuwa sun kai 1,200, ƙaraminsu yana da shekara 18, babbansu 86.

A kan wannan dare ne wata marubuciya Ba'amurkiya, Suzanne Woods Fisher, ta gina littafinta na ƙagaggen labari mai suna The Moonlight School, wanda ya fito a 2021. Tauraruwar labarin, Lucy Wilson, budurwa ce 'yar birni wadda baƙin cikin ɓacewar ƙanwarta ya hana ta sakewa tun tana ƙarama. Aka tura ta garin Morehead don ta yi wa 'yar'uwarta Cora Wilson Stewart aikin akawu. Ta zo da tunanin zaman ofis, sai ga ta bisa doki tana bin ƙauyuka, tana karanta wa mutane wasiƙunsu tana rubuta musu amsa. A can ne ta gane cewa wanda bai iya karatu ba ba shi da asiri, domin duk abin da ɗansa ya rubuto masa sai wani ya riga shi gani. Kuma idan 'yan kasuwar katako suka miƙo masa takarda, sai ya yi ɗan zane a ƙasanta, bai san abin da ya sallama ba.

Akwai soyayya a ciki, tsakanin Lucy da Wyatt, malamin waƙa ɗan asalin duwatsun, ga kuma wani ma'aikacin kamfanin katako da ya shigo neman ta. Mai karatu zai iya hango ƙarshen wannan takara tun da wuri. Ƙarfin littafin yana wajen Cora.

Ita Lucy ƙirƙira ce, amma Cora mutum ce da ta rayu. An haife ta a 1875, ta zama shugabar makarantun gundumar a zamanin da mata ba su ma sami 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba. Ita da kanta ta ba da labarin mutum uku da suka tayar mata da hankali. Akwai wata dattijuwa da kan yi doguwar tafiya a ƙasa don a karanta mata wasiƙar 'yarta da ke Chicago, har ta gaji, ta sayi littafi ta koya wa kanta. Akwai wani magidanci da ya ce zai ba da shekara 20 daga cikin ransa in dai zai iya karatu da rubutu. Na ukun wani saurayi ne mai shirya waƙoƙi, wanda ya ce da yawa sun ɓace masa saboda bai sami mai rubuta masa ba.

Dalilin sunan makarantun kuwa shi ne, da rana kowa yana gona, hanyoyi kuma duk kwazazzabai ne. Bugu da ƙari, tsakanin 1884 da 1887 gundumar ta sha rikicin gaba tsakanin wasu gidaje biyu wanda ya ci rayuka, saboda haka mutane ba su son fita cikin duhu. Sai aka zaɓi dararen da wata ke haskawa. Malaman ba su karɓi ko kwabo ba.

Dabarar da Cora ta yi ta cancanci yabo. Ta san dattijo ba zai yarda a riƙa ba shi littafin jikansa ba, don haka ta buga wata 'yar jarida mai gajerun jimloli a kan hanya da gona da labarin maƙwabta, ita ce littafin karatunsu. Darasin farko kuma shi ne mutum ya rubuta sunansa.

A 1914 Jihar Kentaki ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, Cora ce shugabarta, wasu jihohi kuma suka kwaikwaya. Sai dai masana ilmi sun soke ta daga baya, suna cewa 'yan makonni ba su isa a kira mutum mai ilmi ba, aikin sa-kai kuma ba ya ɗorewa. Rayuwarta ta gida ma ba ta yi daɗin ta Lucy ba: aurenta ya mutu, ɗanta tilo ya rasu yana jariri. A ƙarshen rayuwarta ta makance, ta rasu a 1958.