FASHIN BAƘI: Idan ɓarawo ya hauro gidanka da tsakar dare, ina iyakar 'yancinka na kare kai?

A ɗauka ƙarfe biyun dare ne a wani ƙauye na ƙasar Roni ko Gwiwa, bayan an gama kaka. Hatsi yana rumbu, tumaki suna turke, babur yana jingine a zaure. Maigida ya ji dirar mutum daga kan katanga. A gefen gadonsa akwai adda da tocila, a bayan ƙyaure kuma akwai tsohuwar bindigar farauta da ya gada. Abin da zai aikata cikin minti guda mai zuwa yana iya tsirar da iyalinsa, yana kuma iya kai shi gaban alƙalin Babbar Kotu bisa tuhumar kisan kai.

Jigawa na cikin jihohin Arewa maso Yamma da ta'asar 'yan bindiga ba ta yi wa katutu ba, amma yanayin ƙasar wannan yanki ya sa tambayar ta zama ta yau da kullum. Gwiwa da Roni suna iyaka da Jihar Katsina, Kazaure tana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, Babura kuma tana bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. A ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun tsallako har ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa na Jihar Kano. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Muhawarar da ta raba kan manya

Kiran a tashi a kare kai ya daɗe yana fitowa daga bakin manyan ƙasa. Janar T.Y. Ɗanjuma ya yi shi a Jalingo a watan Maris na 2018. Gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya yi makamancinsa a 2021, sannan a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta nemi mutanen Zamfara su nemi lasisin mallakar bindiga. Da Ɗanjuma ya sake maimaita kiran a watan Afrilun 2025, Gwamnan Jigawa Umar Namadi na cikin waɗanda suka fito suka ƙi amincewa, inda ya yi gargaɗin cewa barin kowa ya ɗauki makami zai jefa ƙasa cikin ruɗani.

A cikin wannan cacar baki ana yawan cakuɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Na farko shi ne 'yancin mutum na tunkuɗe wanda ya far masa. Na biyu shi ne izinin ajiye bindiga. Doka ta ba kowa na farkon, ta kuma ƙuntata na biyun matuƙa.

Abin da Tsarin Mulki da Final Kod suka tanada

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, har da ɓarawo. Sai dai ƙaramin sashe na biyu ya ce ba a ɗaukar cewa an tauye wannan haƙƙi idan mutum ya mutu sanadin ƙarfin da aka yi amfani da shi wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya, muddin ƙarfin bai zarce gwargwadon buƙata ba, kuma ya dace da abin da doka ta halatta.

Dokar da ta yi bayanin wannan gwargwado a Arewa ita ce Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinta daga dokar laifuka ta Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. Jigawa ta gaje ta daga tsohuwar Jihar Kano lokacin da aka ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991. A asalin kundin, batun kare kai yana sashe na 59 zuwa na 67.

Sashe na 60 ya ba mutum damar kare jikinsa da jikin wani, da dukiyarsa da ta wani, daga sata, fashi, ɓarna da kutse. Ma'ana, maƙwabcin da ya kawo maka ɗauki shi ma doka ta lulluɓe shi. Sashe na 65 ya lissafa inda kare jiki zai iya kaiwa ga kisa: farmakin da mai hankali zai ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni daga gare shi, fyaɗe, da yunƙurin sace mutum. Sashe na 66 ya yi irin wannan lissafi game da dukiya: fashi, fasa gida da dare, cinna wa gidan kwana ko ma'ajiyar kaya wuta, da kuma sata ko kutsen da ya zo da barazanar kisa ko mummunan rauni.

Fasa gida a wurin doka ya fi ɓalle ƙofa faɗi. Shiga gida ta taga, ta ramin da aka haƙa a bango, ko ta hanyar haura katanga duk suna ciki. Dare kuma yana farawa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Dalilin da ya sa doka ta ware dare a fili yake: cikin duhu maigida ba ya iya tantance ko akuya mai kutsen ya zo ɗauka ko rai, kuma mai agaji yana barci.

Sharuɗɗa biyu da suke kai mutane kurkuku

Wanda ya tsaya a sashe na 66 zai zaci doka ta ba shi wuƙa da nama. Amma akwai sassa biyu da suka ɗaure wannan dama. Sashe na 62 ya hana yi wa mahari illar da ta wuce abin da kariya take buƙata. Sashe na 63 kuma ya ce babu 'yancin kare kai a inda akwai lokacin da za a iya neman kariyar hukuma.

Daga nan ne kotuna suke gina tambayoyinsu. Shin haɗarin yana nan a daidai lokacin da aka kai sara ko aka ɗana kunamar bindiga? Ɓarawon da ya tunkaro ɗakin matanka da makami a hannu daban yake da wanda ya yar da buhu ya juya yana neman katanga. Da zarar mahari ya gudu, ko ya faɗi, ko an ɗaure shi, kariya ta ƙare. Duk dukan da ya biyo baya ramuwa ce, kuma hukunci aikin kotu ne.

Wanda ya fara da kare kai da zuciya ɗaya amma ya zarce iyaka har ya yi kisa, ba tare da ya ƙudurta hakan tun farko ba, sashe na 222 yana iya sauko da laifinsa daga mai hukuncin kisa zuwa wanda ake yi wa ɗauri, ɗaurin da zai iya kaiwa na rai da rai. Sassauci ne, amma mutum ya bar iyalin da ya tashi karewa.

Shari'ar Musulunci, wadda Jigawa ta faɗaɗa aiki da ita a 2000, tana tafiya kusan a kan wannan turba. Malaman fiƙihu sun halatta tunkuɗe mai farmaki ga rai, iyali ko dukiya, amma sun shar'anta a fara da mafi sauƙi: gargaɗi da ihu idan za su wadatar, duka idan gargaɗi bai yi ba, kisa kuma sai an rasa wata mafita. Ba su yarda a bi wanda ya juya baya a kashe ba.

Darasin shari'ar Sunday Jackson

Babu shari'ar da ta fito da kaifin wannan iyaka a 'yan shekarun nan kamar ta Sunday Jackson, wani manomi daga ƙaramar hukumar Demsa a Jihar Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya mutu a faɗan da suka yi a gona. Jackson ya ce mutumin ne ya far masa da wuƙa ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 7 ga Maris, 2025. Hujjar mafi rinjayen alƙalan ita ce, tun da ya raba maharin da makami, yana da damar tserewa. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu. Sai a watan Disambar 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare.

Lauyoyi da dama sun soki hukuncin, suna ganin an ɗora wa mutumin da ke zubar da jini nauyin yin lissafin da ba a iya yi sai a cikin natsuwa. A gona abin ya faru ba a gida ba, kuma matsayin mai gida da dare ya fi ƙarfi a doka. Duk da haka darasin ya shafi kowa: kotu tana bin faɗa daki-daki, tana neman lokacin da haɗari ya gushe.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Ingila, wani manomi mai suna Tony Martin ya harbe wani matashin ɓarawo a gidansa da dare a 1999. An same shi da laifin kisan kai, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage laifin, amma sai da ya yi zaman gidan yari. Matasanmu da ke kallon bidiyon masu bindiga na Amurka su sani cewa dokokin jihohi irin su Florida, da suka cire wa mutum wajibcin ja da baya tun 2005, ba su da hurumi a Kazaure.

Ita kanta bindigar fa?

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. AK-47 a nan take. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin adakar maharba, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Dokar Fashi da Makami ta 1984 kuma ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga mai riƙe da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Saboda haka mutum yana iya kuɓuta daga tuhumar kisa saboda ya kare kansa bisa doka, a kuma ɗaure shi a kan bindigar da ya yi kariyar da ita. Laifuka biyu ne, kowanne da shari'arsa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya cikin kundin doka. A gidan Bahaushe mai sassa da yawa, wanda ya hauro katanga da dare yana iya zama ƙanenka da ya dawo daga gidan kallon ƙwallo ya tarar an kulle zaure, ko mai taɓin hankali da ya ɓata hanya. Harsashi ba ya dawowa idan tocila ta haska fuskar ɗan gida.

Ihun "ɓarawo" da abin da ke biyo bayansa

A ƙauyukanmu makamin farko shi ne ihu, kuma shi ya fi tsirar da gidaje. Amma taron da ihu ya tara yana iya rikiɗewa ya zama kotu da hauni. Duk wanda ya sa hannu a dukan ɓarawon da aka riga aka kama har ya mutu, kisan kai ya aikata. Mutanen Arewa sun ɗanɗani ɗacin wannan ɗabi'a a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a Uromi ta Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motarsu. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ma ya nuna yadda kisan waɗanda ake zargi ba tare da shari'a ba ya haifar da ramuwar gayya da ta cinye garuruwa.

Idan abin ya riga ya faru

Matakin farko a daren shi ne tattara iyali a ɗaki mai ƙofa mai ƙarfi, a tayar da maƙwabta, a kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Bin sawun mai kutse cikin duhu yana mayar da mai gida abin hari. Tumaki da babur ana mayar da su.

Idan an ji wa mai kutsen rauni, a kai shi asibiti. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan take, kada a taɓa makamin da maharin ya zo da shi, kada a wanke wurin. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana tsaya wa marasa hali kyauta.

Tambayar da ta rage ta siyasa ce. Sashe na 63 ya ginu ne a kan zaton cewa akwai hukumar da za a kira ta zo a kan lokaci. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, saboda wannan zato ya rushe a can. Matasan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa suna da damar tambayar shugabannin ƙananan hukumominsu da wakilansu a Dutse da Abuja: 'yan sanda nawa ke kwana a ofishin yankinmu, motar sintiri nawa ke da mai, kuma minti nawa ake ɗauka kafin a iso ƙauyen da ya fi nisa? Wanda ya hana talaka ɗaukar bindiga, wajibi ne ya amsa kiransa da ƙarfe biyun dare.