Ko Kun Sani? Mai Gyaran Rediyo ne ya Yaɗa Jitar Lantarki

Ko kun san cewa Leo Fender, wanda jitocinsa suka cika duniya, bai iya kaɗa jita ba? Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Amurka, kuma wannan sana'a ce sirrin nasararsa. Yawancin jitocin lantarki na farko masu rami ne a ciki, da an ƙure sauti sai jikinsu ya ɗauki amon lasifika su shiga ƙugi. A 1950 ya fito da jitar falanki marar rami, wadda aka raɗa wa suna Telecaster a 1951. Maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla ne ke mai da motsin tsirkiyoyin ƙarfe lantarki, wuyan kuma da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace a kwance a sa wani.

Wani zai ce ai jitar Gibson Les Paul ta 1952, mai wuya manne da gam, ta fi ta ƙawa da kaurin amo. Ba a musun ƙawarta, amma abin kiɗan da ke yawo gari gari, sauƙin gyara ne ke tsawaita kwanansa. Ko marar rami ma katako ce, bushewar hunturu da damshin damina na lanƙwasa wuyanta. Shi ya sa ake sa sandar ƙarfe a cikin wuyan, a murɗa ta kaɗan kaɗan har ya miƙe.