Likitan Kuwaiti da Ya Tare Cikin Masu Ajami na Madagaska

  

Ya ku malamai da fatake, ga labarin wani bawan Allah mutumin ƙasar Kuwaiti, ana ce da shi Likita Abdurrahman As-Sumait, wanda ya bar gida da albashi mai tsoka, ya yi kusan shekara 30 yana kai da kawowa cikin ƙasashen baƙar fata domin aikin sa kai.

An haife shi cikin shekarar 1947. Ya karanta likitanci a Bagadaza ya gama a 1972, ya wuce Liverpool ta Ingila ya koyi cututtukan ƙasashe masu zafi, kana ya haye Kanada ya ƙware kan ciwon ciki da hanji. Da ya komo gida sai ya zama babban likita a asibitin Sabah. Mutum irin wannan, a ƙasar da man fetur ya cika ta da dukiya, ba abin da ya rage masa sai ya miƙe ƙafa ya ci arzikinsa.

Sai wata mace mai hali ta ba da kuɗi a gina mata masallaci a ƙasar da ake bukata, aka aza masa wannan amana, ya nufi Malawi. Abin da idonsa ya gane masa can shi ya hana shi sakat. Ya iske ƙauyukan Musulmi ba malami ba Alƙur'ani, yara ba makaranta, mata na ɗebo ruwan da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki. A 1981 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar da daga baya aka sani da Lajnatu Muslimi Ifriƙiya, wadda a 1999 aka sake mata suna ta koma Al-Aunul Mubashir, watau taimako kai tsaye. Mutanen Nijar sun san ta da sunan AMA, sun kuwa sha ruwan rijiyoyinta.

Masu yabo sukan jera lissafin masallatai da rijiyoyi da marayu, dubu kaza da dubu kaza. Wannan aikin magatakarda ne, a bar musu. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne, mutumin bai yarda ya zauna cikin ofis mai sanyi ya aika kuɗi ba. Ya riƙe maganar nan ta mutanenmu, zuwa da kai ya fi saƙo. Da fari da yunwa suka auka wa Habasha da Sudan a 1984, yana cikin waɗanda suka shiga sansanin mayunwata da kansu. A 1990, sa'ad da sojan Iraƙi suka mamaye Kuwaiti, aka kama shi aka azabtar da shi, ya fito bai fasa ba. A 1996 aka ba shi lambar Sarki Faisal ta hidimar Musulunci, kuɗin da ke tare da ita, riyal 750,000, ya mai da su waƙafi don karatun 'ya'yan Afirka.

To, bayan ya haura shekara hamsin, lokacin da tsaransa ke neman inuwa su huta, sai ya kwashe kayansa shi da mai ɗakinsa suka tare a Madagaska, a wani gari na bakin teku da ake kira Manakara. Madagaska tsibiri ne ƙato cikin tekun Indiya, gabas da Mozambik. Dalilin tarewarsa can wata kabila ce mai suna Antemoro, kuma a nan ne labarin ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe allo da tawada.

Su Antemoro suna zaune a kudu maso gabashin tsibirin, gefen kogin Matitanana, babban garinsu Vohipeno. Tarihin da suka gada ya ce kakanninsu daga wajen Makka suka taso cikin jiragen ruwa, kimanin shekara 500 da suka shige. Sun zo da haruffan Larabci, suka riƙa rubuta harshen ƙasar da su, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi da Hausa da Fillanci. Ajaminsu sunansa Sorabe, ma'anarsa babban rubutu, marubutansu kuwa ana ce musu katibo. Kowane almajiri ya ji wannan kalma ya san daga katibu ta fito. Inda Larabci ba shi da harafin da zai ɗauki muryarsu sai su yi dabara, su ƙara ɗigo ko su sauya wa harafi aiki, har ma ya'un da muka sani su da sautin za suke karanta shi. Takarda ma ba saye suke ba. Ɓawon wani itace mai suna avoha suke dafawa, su daka shi ya yi laushi, su shimfiɗa a rana ya bushe.

Wannan rubutu ya ba su daraja ƙwarai. Sarakunan tsakiyar tsibirin sun aika an ɗauko musu katibo su zauna fada, Sarki Radama na Ɗaya ma ya koyi Sorabe. Amma shi ne kuma a 1823, bayan zuwan Turawan mishan na Ingila, ya zartar a riƙa rubuta harshen ƙasa da boko. Daga nan ajamin ya koma lungu, ya zama sirrin wasu gidaje ƙalilan, ana adana asalin dangi da magunguna da duba da hisabin taurari a cikinsa. Da yawa daga tsofaffin littattafan yanzu suna ajiye a Faris.

Ga abin da ke sa mai hankali ya yi shiru. Haruffan sun tsira, amma abin da haruffan suka zo da shi ya zube a hanya. Zamani ya yi tsawo, hanyar Makka ta yanke, ba malamin da ya zo ya zauna. Aka wayi gari jikokin masu hijira suna ƙyamar naman alade, suna tsananta al'amarin yanka, suna girmama littafin kakanni, alhali yawancinsu ba su san alwala ba balle salla. As-Sumait da bakinsa ya sha ba da labarin wani ƙauye da ya tambayi mutane addininsu, suka amsa masa su Musulmi ne 'yan Furotestan, domin kakanni sun gaya musu su Musulmi ne, amma waɗanda suka zo suka zauna da su suka koya musu ibada 'yan mishan ne. Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifin 'yan mishan. Sun zo, sun zauna, sun buɗe makaranta da ɗakin magani, a lokacin da masu Alƙur'ani ba su san ma da akwai waɗannan mutane ba.

Zaman wannan yanki ba zaman jin daɗi ba ne. Ruwan sama ba ya ɗaukewa sosai ko da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa guguwar teku takan taso ta kwashe jinka ta karya gada. Sauro kamar a ɗiba da ƙwarya. Ɗakunan ƙauye na itace ne da ganye, an ɗaga su bisa turaku saboda laima. Abinci shinkafa ce safe da rana da dare, in an kwashe sai a zuba ruwa kan ƙanzon a tafasa, shi ne abin sha. Baƙon da ya sauka, ko likita ne ko attajiri, abin da zai tarar ke nan. Fatake za su so su ji cewa ƙasa ce ta kanumfari da masoro da gahawa, sai dai fitar da su kasuwa shi ne aiki.

Gama hanya ita ce babbar wahala. Akwai titin jirgin ƙasa da Faransawa suka gina tsakanin 1926 da 1936, daga Fianarantsoa bisa tudu ya gangaro Manakara, mil 100 da 'yan kai, amma a wannan ɗan tsakani sai ya ratsa ramin dutse 48 da gada 67. Wasu ƙauyukan Antemoro kuwa ba jirgi ba mota, sai kwalekwale cikin koguna da fadamu, in ruwa ya ƙare a sauka a taka sayyada cikin taɓo. Haka wannan dattijo ya riƙa bi ƙauye ƙauye, ga ciwon sukari yana yi wa kansa allura kullum, ga ciwon zuciya da ya kayar da shi ba sau ɗaya ba, ga zazzaɓin cizon sauro. Shi likita ne, ya fi kowa sanin abin da wannan tafiya ke yi wa jikinsa.

In ya isa gari ba ya farawa da gardama. Yakan nemi manya ya gaishe su, ya tuna musu asalin da su da kansu suke alfahari da shi, ya nuna musu shi ɗan'uwa ne daga ƙasar kakanninsu. Sa'an nan a yi maganar rijiya da makaranta, a zaɓi yaran gari a koya musu karatu don su koma su koyar da nasu da harshensu, gama ya lura malamin da aka kawo daga nesa ba ya daɗewa. Abin da ya gani ya ji game da wannan kabila ya tattara shi cikin littafi da Larabci, kamar yadda ya yi wa Borana na Kenya da Habasha.

A 2008 ya sauka daga shugabancin jam'iyyar. Jiki ya ci gaba da rauni, aka kai shi Jamus magani, aka komo da shi gida. Ya rasu a Kuwaiti ranar 15 ga Agusta 2013, wadda ta yi daidai da 8 ga Shawwal 1434, yana da shekara 65. Kwalejin da jam'iyyarsa ta kafa a Zanzibar a 1998 ta zama jami'a, an sa mata sunansa.

Allah Ya ji ƙansa, Ya kyauta namu zuwan. Tammat.