Minti 10 da kyanwa: yadda dabbar gida ke sauke gajiyar aiki

Ma'aikaci a Legas ko Abuja kan iso gida bayan ya sha cunkoson motoci, amma hankalinsa yana can ofis. Farfesa Sabine Sonnentag ta ƙasar Jamus, wadda ta shafe shekaru tana nazarin hutun ma'aikata, ta nuna cewa wanda ya kasa cire aiki daga ransa da yamma yakan wayi gari da ragowar gajiya. Dabbar gida na daga cikin abubuwan da ke taimaka wa mutum ya rabu da wannan tunani.

A shekarar 2019, Patricia Pendry ta Jami'ar Jihar Washington a Amurka ta yi gwaji da ɗalibai 249. Wasu sun yi minti 10 suna shafa kyanwoyi da karnuka, wasu sun tsaya suna kallo, wasu kuma hotuna kawai aka nuna musu. Da aka auna yawunsu, waɗanda suka taɓa dabbobin ne sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki a lokacin damuwa, ya fi raguwa a jikinsu.

Tun a 2002, Karen Allen ta jami'ar Buffalo ta gwada ma'aurata gida 240, inda aka sa su yin lissafi da ka cikin gaggawa. Bugun zuciya da awon jinin masu kiwon kyanwa ko kare bai tashi kamar na sauran ba, kuma sun fi saurin komawa daidai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kyanwa ba ta san maigida ya yi saɓani da shugabansa a ofis ba, abinci take so da wasa. Kafin ya zuba mata ruwa ya shafa bayanta, ya ajiye waya, numfashinsa ya lafa.

Yawancin gidajen Hausawa ba sa ajiye kare sai don gadi ko farauta, amma kyanwa tsohuwar abokiyar zama ce. Sahabi Abu Huraira ma ya samu laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita. Akwai kuma tantabara da zomo, waɗanda ke koya wa yara ɗaukar nauyi da tausayi.

Sai dai dabba ba ta maye gurbin magani. A 2013, Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce kiwon dabba na iya alaƙa da raguwar haɗarin ciwon zuciya, amma ta ja kunne kada a ɗauko dabba don wannan kaɗai. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa.

Kafin a kawo dabba gida, a kula da waɗannan: a kai ta wurin likitan dabbobi don allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma ke kamuwa da shi. Idan ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai lahani ga ɗan tayi. Idan akwai mai asma a gida, a fara tuntuɓar likita. Mazauna gidan haya kuma su nemi yardar mai gida da maƙwabta, sannan iyali su tsayar da wanda zai riƙa ciyar da ita kullum.