Yadda Abin Samu Yake Rabuwa Tsakanin Mutanen Jos

Sau da yawa akan ce gari kaza ya yi arziki, amma ba a cika tambayar hannun wa arzikin ya shiga ba. Misali, a ce mutum 10 sun sami Naira miliyan ɗaya a wata. Idan aka raba a takarda, kowa ya tashi da Naira 100,000. Alhali kuwa mai yiwuwa ne mutum ɗaya ya kwashe Naira 910,000, sauran taran kowa ya tsira da Naira 10,000 kacal. Saboda haka masana tattalin arziki sukan jera jama'a daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, su kasa su kashi biyar, su duba rabon kowane kashi, sa'an nan su sake dubawa bayan wasu shekaru. Tarihin Jos ya nuna amfanin wannan hanya a sarari.

Zamanin Kuza

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Dalma suna narka kuza suna sayarwa. A wajen shekarar 1904 wani Bature mai suna Laws, wakilin Kamfanin Neja, ya kafa sansanin haƙar kuza a Naraguta, daga nan kuwa garin Jos ya bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal kuma a 1927.

Rabon abin samu a wannan zamani ya yi kama da tsani mai faɗin gindi da tsinin kai. A can sama akwai Turawan kamfanoni, kamar ATMN da aka kafa a 1939, ga kuma masu hannun jari a Ingila waɗanda ribar take komawa gare su. A tsakiya akwai akawuna da makanikai da 'yan kwangila, ba su da yawa. A ƙasa kuwa dubban leburori ne masu haƙa da ɗaukar ƙasa a kwano, da yawansu 'yan ci-rani, har da mata da yara. A tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta kama Malaya, aka yi ta kawo mutane aikin tilas daga lardunan Arewa, abin da ake kira ɗiban gwamna. Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda aka haƙe gonakinsu, sun rasa ƙasar noma, aka bar musu tafkuna da tarin yashi.

Zamanin Albashi

Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato a 1967, sa'an nan ta Jihar Filato a 1976. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafafunta a 1975, a yau kuma babban mazauninta yana Naraguta. Kuɗin man fetur ya buɗe ofisoshi da makarantu da asibitoci, sai tsakiyar tsanin ta cika da malamai da ma'aikatan jinya da na sakatariya. Takardar makaranta ta maye gurbin ƙarfin damtse.

Amma fa ba kowa abin ya kai ba. Da aka biya ƙarin albashi na Udoji a 1975, farashin kaya ya tashi a kasuwa. Ma'aikaci ya karɓi ƙari, shi kuwa baduku na Naraguta da ɗan dako da manomi ba su karɓi ko kwabo ba, amma duk kasuwa ɗaya suke sayen hatsi.

Zamanin Nema da Kai

A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kamfanonin da suka rage suka durƙushe. A 1986 aka soma shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta zube, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Da yawa daga waɗanda suke tsakiya suka gangaro ƙasa. Rikicin 2001 da gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 sun cinye jarin dubban 'yan kasuwa. Jama'a da yawa suka koma ƙananan sana'o'i, da noman dankali da kayan lambu, da haƙar kuza da hannu a ramuka masu hatsari.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Sai dai wannan doka ba ta shafi mai aikin kansa ba. Har ila yau, yawan takardun kuɗi ba shi ne samu ba. Abin dubawa shi ne mudu nawa suke saye.

Abin da Ake Bukata ga Jama'a

Yatsun hannu ba ɗaya suke ba, amma idan rata ta yi yawa, ɗan talaka yakan bar makaranta, talauci ya zama gado. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna rayuwa a ƙasa da Naira 137,430 a shekara. Da irin wannan bincike ne Gwamnati take sanin unguwar da ta fi bukatar makaranta ko asibiti ko rance.

Don haka ana roƙon magidanta su karɓi ma'aikatan ƙididdiga hannu biyu, su faɗi gaskiyar abin da suke samu da abin da suke kashewa. Doka ta hana bayyana sirrin kowane gida. Wanda ya ɓoye halin da yake ciki, ya sa an yi rabo ba da shi ba.