Kafin Ka Sayi Na'urar Binciken Tsohuwar Tirela

Galibin motocin Mack, DAF, MAN da Iveco da ke dakon mai da siminti a hanyoyinmu sun ci duniya a Amurka ko Turai kafin su iso nan. Su ne ke ba bakanike wuya idan ya tashi sayen na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar mota.

Mutane da yawa suna ruɗuwa da rubutun OBD-II a jikin kwali. Tsari ne da Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tun 1996, mai soket na fil 16. Manyan motoci tasu hanyar daban.

Tsofaffin na Amurka da yaren J1708 suke magana, ta zagayayyen soket mai fil shida. Daga baya J1939 ya shigo, mai sauri, da soket mai fil tara, kuma akwai motocin da ke ɗauke da duka biyun. Na'urar da ba ta jin J1708, komai tsadarta, idan ka jona ta a tsohuwar Mack allo zai kama, amma ba za ta ce uffan ba. Daga nan sai a ɗora wa ƙwaƙwalwar laifi, a sa mai mota sayen wata alhali tasa lafiyarta ƙalau. Wannan asarar tana min ciwo, domin tambaya ɗaya a shago da ta kawar da ita. Na'urar da ta dace kuwa za ta nuna maka, misali, MID 128 da PID 100, wato inji ne ke kukan ƙarfin bugun baƙin mai.

Na Turai kowane kamfani da nasa soket da manhajarsa. Actros na farko na Marsandi, da ya fito a 1996, fil 14 gare shi. MAN tana da MAN-cats, DAF tana da DAVIE, Scania tana da SDP3. Garejin da ke karɓar kowace iri zai fi amfana da irin su Jaltest ko Texa, muddin an haɗa masa da wayoyin tsofaffin soket. Sai batun wuta: motocin Turai bolt 24 suke aiki da shi, ƙananan na'urori masu araha kuwa na bolt 12 ne, nan take suna iya ƙonewa.

Tsohuwar Marsandi 911 kam ba ta da ƙwaƙwalwa sam. Kunne da hannun gwani ne maganinta.

Ya kai bakanike, leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ƙirga fil, ka duba shekarar motar da batirinta. Sannan kada ka biya ko kwabo sai mai shago ya jona na'urar a jikin motar, ta karanta a gabanka.